"Yaya, ban ga ciwon ba": wace kalma kuke ba rauni a rubuce?

Mai buɗe zance, daga Tawa

Assalamu alaikum. Ina rubuta gajeren labari, a ciki wani ɗan kabu-kabu ya faɗi a hanyar Ƙonni da buhun albasa a baya. A shafi biyu sau huɗu na rubuta "mummunan rauni". Da na karanta wa ƙanena, wanda ya taɓa faɗuwa a babur, sai ya ce: "Yaya, ban ga ciwon ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah duk wanda ya taɓa jinyar ciwo ya faɗa mini yadda ya kira abin da idonsa ya gani.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙanenki ya yi gaskiya. In aka kawo mana mutum aka ce raunin mummuna ne, ba a gaya mana komai ba. Abin da muke dubawa shi ne wurin, da faɗinsa, da zurfinsa, da yadda bakinsa yake, da abin da ke fita. Yankan wuƙa bakinsa a daidaice yake, ana haɗa shi a ɗinke. Na kwalta kuwa ƙujewa ce: fata ta saluɓe, tsakuwa da ƙasa sun shige ciki, jinin tsattsafowa yake, amma raɗaɗinsa sai ya sa ƙato hawaye lokacin wanki.

Ki kula da jinin ma. Wanda yake jawur yana tsartuwa daidai da bugun zuciya, babbar jijiyar jini ce ta yanke, kuma mutuminki ba shi da lokacin dogon surutu. Mai duhu da ke kwarara a hankali daban ne. Mu da santimita muke aunawa, ke kuwa ki ce faɗin ƙwandalar dala ashirin, ko faɗin tafin hannu. Kowa zai gani.

Malamin lakwal, Yamai

Abin da na lura da shi wurin ɗalibaina shi ne da Faransanci suke fara tunanin ciwo. Bafaranshe yana kiran wurin da jini ya taru "bleu", sai yaro ya rubuta mini cewa wurin ya yi shuɗi. A jikin wa? A fatarmu wurin kumbura yake, ya yi duhu, ya yi sheƙi, in an taɓa mutum ya zabura. Kuma Hausa ba ta da siffofi da yawa irin nasu, ƙarfinta yana cikin aikatau da kalmomin ƙarfafawa: ya kumbura suntum, ya yi jina-jina, riga ta jiƙe sharkaf.

Wata uwa, Tawa

Ni ba marubuciya ba ce, amma na yi jinyar ƙuna. Ɗiyata tana shekara uku ta jawo tukunyar kunu daga murhu. Cinyarta ta yi ja, kafin mu isa likita bororo ya taso, manya-manya, cike da ruwa. A tsakiya akwai wani wuri fari fat, bushe, kamar fatar da aka jeme. In an taɓa gefe sai ta tsala ihu, in an taɓa farin wurin ba ta ko motsi. Har na ce alhamdu lillahi nan bai ƙone sosai ba. Sai mai jinyar ta dube ni ta ce: "Hajiya, nan ne ya fi zurfi, wutar ta kashe jijiyoyin da ke jin zafi." Shi ne ya fi daɗewa bai kame ba, shi ne kuma tabon da ke jikinta har yau. In za ki rubuta ƙuna, ƴar'uwa, kada ki ɗauka inda aka fi ihu nan ne ya fi muni.

Ɗan maɗori, Tawa

Baba ba ya yarda a ce masa "ƙafa ta lalace". Sai ya tambaya: targaɗe ne, ko gocewa, ko tsagewa, ko karaya? Garinmu garin kokowa ne, nan aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, don haka yara masu kafaɗa a goce ba su yanke mana ba. Ciwon ma yana da sunaye. Zogi shi ne mai bugawa cikin dare ya hana barci, raɗaɗi na fata ne, suka kamar ana caka allura. In ƙashi ya huda fata ya fito, Baba ba ya ɗaura kara, likita yake tura su.

Wani dattijo, Yamai

Ƴata, kada ki manta ciwo yana da shekaru. Akwai ɗanye, akwai wanda ya yi ruwa yana fitar da mugunya da wari, akwai wanda ya yi ɓawo yana ƙaiƙayi. In ya ƙi warkewa wata da watanni ya zama gyambo. Muna yara a ƙauye, da damina sai ka ga manomi zaune ana naɗe masa kurkunu, doguwar tsutsar nan mai fitowa ta ƙafa, a tsinke, kaɗan-kaɗan kullum, gonarsa na cika da ciyawa. A 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, jikokina ba su san shi ba, amma tabon yana idon sawuna.

Mai buɗe zance

Allah ya saka muku da alheri, Baba da ku duka. Ga yadda na sake layin: "Kwalta ta saluɓe masa fata daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, tsakuwa ta lafe cikin jan naman, jini na tsattsafowa. Bai ji komai ba sai da iska ta taɓa wurin." Na karanta wa ƙanena, ya shafa hannunsa na hagu, ya ce in ƙara ƙurar da ta cika masa baki.