Tattakin tsakar rana ya fi rage ƙiba, ko wahalar banza nake sha?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata 44, nauyina kilo 92, likita ya ce in riƙa tattaki saboda hawan jini. Tun cikin hunturu nake yin kilomita 5 bayan sallar asuba. Da zafi ya shigo sai wani maƙwabcina a kasuwa ya ce ɓata lokaci nake, wai wanda bai jiƙe sharkaf da gumi ba bai ƙona komai ba. Shi ne na mayar da tafiyar ƙarfe biyu na rana, a Kano, cikin Afrilu. In na dawo sikeli na nuna kilo ɗaya ya tafi, agogon hannuna mai lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ya ƙona, shi ma na nuna fiye da na da. Amma kaina na sarawa, kuma kafin dare kilon ya dawo. In ci gaba?

Wata nas: Wa alaikumus salam Yaya. Don girman Allah ka daina daga yau. Kilon nan ruwa ne, lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce a sikeli, kana shan ruwa ta dawo. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, tafiyar taka kuwa 300 zuwa 350 take ci. Kuma cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, ka ga an haɗa maka rashin ruwa biyu. Ciwon kan nan gargaɗi ne, ka gaya wa likitanka.

Malamin kimiyya: Anti ta gama magana, bayani kawai zan ƙara. Abin da tafiya ke ci ya dogara ne kan nauyinka, nisan da saurin. Zafin iska ɗan abin da yake ƙarawa kaɗan ne. Daga ƙarfin da tsoka ke kashewa, kwata ko ƙasa da haka ne ke zama motsi, sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar don ya tsaya wajen digiri 37. Da asuba iska na ɗauke shi salin alin. In rana ta kai 40, iskar ta fi fatarka zafi, sai gumi kaɗai. Jini ya karkata zuwa fata, zuciya ta ƙara bugu don ta wadatar da fatar da ƙafafu gaba ɗaya. Agogon naka bugun zuciyar yake gani ya ɗauka aiki ne ya ƙaru. Wani abin takaicin, cikin zafi jiki ya fi karkata ga sukarin da ya adana a tsoka fiye da kitse.

Tsohon soja: Ƙanena, in wuya kake nema bar rana, nemi yashi. Tafiya a rairayi mai laushi na cin ninki biyu ko fiye na ta kwalta. Ko ka sami hawa. Mu da kaya a baya muka san wannan.

Mai tambaya: To Malam, sanyi fa? Na ji ana cewa shi ma yana ƙona kitse.

Malamin kimiyya: Ba wani sosai ba, sai in ya kai ka ga makyarkyata. Hunturunmu kuwa kana fara tafiya jiki ya ɗumama kansa, magana ta ƙare.

Wata nas: Baba soja, a bar yashin tukuna sai jininsa ya daidaita. Yaya ka koma asubarka, ka riƙe gorar ruwa. In kana son ƙari, ƙara kilomita ɗaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan asuba in sha Allah. Maƙwabcin nawa dama ko nan da bakin titi a babur yake zuwa.