Neman kalma: yasa ce, ko sassabe da tsamo gungume?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana neman Hausar aikin da Amurkawa ke kira "clearing and snagging". Jihar Luwisiyana tana da doka tun 1970 mai kare wasu koguna, wadda ta hana yi musu wannan aiki, ta hana miƙe su, ta hana gina musu madatsa. Da ambaliyar Agustan 2016 ta ci yankin Baton Rouge, babban birnin jihar, har kogin Amite ya haura ƙafa 46 a garin Denham Springs, sai jama'a suka ce itatuwan da suka toshe koguna ne suka tare ruwa. A 2017 majalisar jihar ta sassauta dokar ga wasu koguna, ciki har da Amite da Comite. Shin "yashe kogi" ta wadatar?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Ba ta wadatar ba, za ma ta ɓatar da mai karatu. Yasa kwashe yashi da laka ne daga gindin kogi don ya ƙara zurfi, kamar yadda ake yashe rijiya, ko yashe kogin Neja da aka ƙaddamar a 2009. Wannan kuwa ba ya taɓa ƙasan kogi. Aiki biyu ne aka gwama: sare bishiyoyi da sarƙaƙiyar da ke gaɓa, da kuma janyo itatuwan da suka faɗa ruwa suka maƙale. Don haka kalma ɗaya ba za ta ɗauka ba.

Malamin Hausa: To ga na farkon muna da kalma tun kaka da kakanni: sassabe. Manomi yana sassabe kafin ya buɗe sabuwar gona. A ce "sassaben gaɓa". Na biyun, wasu za su ce "sharar kogi", amma kunnen Bahaushe zai ji leda da bola ne. Ina ganin "tsamo gungume", tunda tsamo na abin da ke cikin ruwa ne. Kada a ce kututture, shi yana nan kafe da saiwarsa.

Injiniya: Allah ya ƙara basira Malam, wannan bambancin shi ne zuciyar aikin. In an yi shi yadda ya kamata, ana yanke bishiyar da ta karkata za ta faɗa, a bar kututturen, domin saiwarsa ce ke riƙe gaɓa. Gungumen da ya gitta kogi, ko ya tokare a ƙafar gada yana tara ciyayi, a ɗaure shi da igiyar ƙarfe a janyo daga tudu, a kai shi inda ruwa ba zai sake kwaso shi ba. Wanda ya kwanta yana bin tsawon gaɓa, yashi ya binne rabinsa, a bar shi. Katafila kuwa ba ta shiga cikin ruwa.

Inda ake ɓarna shi ne a share komai ƙal. A lissafin Manning, wanda injiniyoyi ke ƙiyasta gudun ruwa da shi, kogi miƙaƙƙe mai tsabta yana da kaushin kusan 0.030, mai cike da ciyayi da itatuwa yana kaiwa 0.100. Ka rage kaushin, ruwa ya ƙara gudu, ya ci gaɓa, ta zaftare, sababbin bishiyoyi su faɗo. Kuma ruwan da ka sallama da sauri yana isa garin da ke ƙasa a lokaci guda. Comite cikin Amite yake zubawa. In Amite ya cika, share Comite ba ya ba ruwan wurin zuwa. Shi ya sa aka tsara wa Comite magudana mai tsawon mil 12 zuwa kogin Misisipi.

Masaniyar kifi: Injiniya, a ƙara da cewa gungumen nan ba datti ba ne. A kogi mai gindin yashi, a jikinsa ƙwari ke liƙewa, kifi ya ci, kuma ruwa yana haƙa gurbi mai zurfi a bayansa inda kifi ke fakewa da rani. Wannan ya sa na fi son "tsamo" a kan "share": ba ta yanke wa itacen hukunci.

Mai fassara: Na karɓa Hajiya. Saura "scenic river", sunan da dokar ta ba kogunan da take karewa. An ba ni "kogi mai ban sha'awa".

Malamin Hausa: Wannan yabo ne, ba matsayin doka ba. Kogi zai iya yin kyau ba a sa shi a jerin ba. Muna da hurumi, wato wurin da aka keɓe ba a nomawa ba a gini. A ce "kogin hurumi".

Injiniya: Zan ɗan ja da wannan, Malam. Dokar ta hana 'yan katako share bishiyoyi a tazarar ƙafa 100 daga bakin ruwa, kimanin mita 30. Wannan zirin shi ya cancanci "hurumin kogi". In muka ce kogin hurumi kuma hurumin kogi, mai sauraron rediyo zai rikice. Kogin kansa a ce "keɓaɓɓen kogi".

Malamin Hausa: Gaskiyarka, na janye. Sai dai a karon farko a rubuta "kogin da doka ta keɓe", daga nan a ci gaba da gajeren.

Mai fassara: To jimlar ta zama: "Majalisa ta ba da izinin sassaben gaɓa da tsamo gungume a wasu keɓaɓɓun koguna." Injiniya, jam'in fa, gungume ko gumagumai?

Injiniya: Sunan aikin a bar shi tilo, kamar "saran itace". In ana ƙirga abin da aka fitar, sai a ce gumagumai.