Me ya sa shuɗin taurari ya yi yawa a Babban Gajimaren Majelan?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum. Hoton wannan galaksin, wato babban tarin taurari, nake kallo, ba shi da tsayayyar siffa, amma ko'ina taurari shuɗaye ne. Don Allah me ya jawo haka?

Malamin fiziks:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shuɗin nan alamar ƙuruciya ce. Irin waɗannan galaksi suna da iskar haidirojin jingim, ita ke dunƙulewa ta zama sababbin taurari. Manyan cikinsu zafi gare su ƙwarai, shi ya sa suke shuɗi, kuma cikin 'yan miliyoyin shekaru suke ƙonewa. In kin gan su, to haihuwar ba ta daɗe ba. Ki nemi gungun taurari mai suna R136 a yankin Tarantula na wannan galaksin, wanda madubin hangen nesa na James Webb ya ɗauko hotonsa a 2022. A gungun akwai tauraron da ya fi rana nauyi sau ɗari da ɗoriya. Ni dai wajen nan yana burge ni matuƙa.

Ɗalibar kimiyya:
Na gode, Malam. Ana ganin galaksin daga Kano?

Mai kallon sama:
Da ƙyar, 'yar'uwa. Can ƙasa-ƙasa yake ta kudu wajajen Disamba, lokacin kuma hazo ya rufe. Nisansa kusan shekarun haske 160,000 ne, wato tsawon shekarun da haskensa ke yi kafin ya iso mana.