Wai Ni Locavore Ne

Na-Lambu: Salamu alaikum. Jikata ta dawo hutu ta ce wai ni locavore ne. Na zaci zagi ne, ashe sunan mai cin abin da aka noma kusa da shi ne. Wata Jessica Prentice ce ta ƙago kalmar a San Francisco a 2005, har ƙamusun Oxford na Amurka ya zaɓe ta kalmar shekarar 2007. Bismillah:

Na shuka, na tsinka, na kai tukunya,
Ban jira jirgi ya tsallako maliya,
Abin da kakana ya yi ba hayaniya,
Yau an raɗa masa suna ana tutiya.

Gwaggo Tsini:
Baba Na-Lambu, sassauta cika bakinka,
Ganyen shayin safe, ya tsiro a lambunka?
Sukarin ciki fa, da gishirin miyarka?
Locavore ɗin rana, dare zai tona asirinka.

Ita kalmar ma ba ta yi mini ba. Gabanta local, wato na gida, bayanta wutsiyar carnivore, wato mai cin nama. Kamar an ɗinka kan tunkiya a jikin kura.

Ɗan Auta: Allahu Akbar! Gwaggo ta gama magana. A kawo wa Baba ruwa.

Na-Lambu: Kai yaro, ko tari Gwaggo ta yi cewa za ka yi baiti ne.

Hajiya bar batun shayi, buɗe mana kwandonki,
Kore shar aka tsinko tumatirin miyarki,
Iskar etilin ta sa shi ja don a ruɗe ki,
Yanka ki ji lami, ruwa ne zalla a harshenki.

Nawa sai ya nuna a jikin uwarsa nake taɓa shi. In na tsinko da hantsi yana da ɗumin rana, ƙanshin ganyen ya wuni a yatsuna.

Malam Aruli: Ku gafarce ni. Ka, ka, ka, sannan ki, ki, ki. Wannan ba amsa-amo ba ne, wakilin suna kuka jera, ɗan firamare ma zai iya. Kuma ɗangon Gwaggo na ƙarshe ya yi tsawo, yana jan ƙafa. Da Halilu ɗan Ahmad na Basra zai ji wannan, da ya yi da-na-sanin tsara ilimin aruli.

Ɗan Auta: Malam, na Baban ne ke ɗingishi, amma ka tsallake shi. Mun gane.

Malam Aruli: Na Baba ma karyayye ne, ɗana. Ba yawan gaɓoɓi ake ƙirgawa ba, doguwa da gajera ake aunawa. Rera shi ka ji inda numfashinka zai sarƙe.

Mai Lissafi:
Baba, nisan hanya ba shi ne babban laifi ba,
Yadda aka noma ake dubawa, in ba ka sani ba,
Na ɗakin gilas a Ingila, da ba ya nuna in ba a hura masa wuta ba,
A hunturu bai fi na Sifaniya mai shan rana sauƙin hayaƙi ba.

Na san ɗango na uku ya yi ciki, a yi haƙuri. Binciken Weber da Matthews na jami'ar Carnegie Mellon a 2008 ya nuna sufuri kashi 11 cikin 100 ne kawai na iskar ɗumamar yanayi da abincin gidajen Amurka ke jawowa. Noman kansa ya kwashe kashi 83.

Malam Aruli: Yanzu kuma "ba" ce amsa-amo. Inna lillahi.

Na-Lambu:
Ɗana Mai Lissafi, ajiye alƙalami,
Ni ba hayaƙi nake ci ba, balle ka yi mini ilimi,
Na san hannun da ya shuka, na san wanda ya yi gumi,
Kai ka ci kashi 11, ni in ci mai ɗumi.

Ƙanwar Kowa: Ku dai kun tsaya kan kalma ɗaya. Ga nawa:

Ni serendipity ce ta kwanta mini a rai,
Ka fita neman allura, ka dawo da zinare a kai,
Queue kuwa na tsane ta, harafi biyar ne sarai,
Huɗu sun bi layi shiru, na gaba ke magana shi kaɗai.

Marubucin Ingila Horace Walpole ne ya ƙago serendipity a 1754, cikin wata wasiƙa. Queue kuwa layi ke nan da Turanci.

Mai Lissafi: Ƙanwata, wannan shi ne baitin yau. Su masu Turancin kuwa moist suka tsana, kalmar danshi kawai. Paul Thibodeau na kwalejin Oberlin ya bincika a 2016, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ƙyamarta. Ba sautin ba ne, don ba sa ƙin hoist mai amo irin nata. Gumi da majina take tuna musu.

Ɗan Auta: Baitin yau? Gwaggo na nan da ranta? Yaya, ka ji tsoron Allah.

Gwaggo Tsini: Bar su, ɗana. Na je kai jikoki makaranta ne. A 2004 British Council, hukumar yaɗa Turanci ta Birtaniya, ta tambayi dubban mutane kalmar Turancin da ta fi kyau, mother ce ta zo ta ɗaya. To uwa ta dawo.

Baba mai taƙamar ba ya cin baƙon abinci,
Tumatirin naka daga Kudancin Amurka ya yo balaguro, ba ƙanƙanci,
Sunansa ma na Aztek ne, ya biyo ta Turanci,
Ɗan ci-rani kake reno, kana mana fahari da asalanci.

Malam Aruli: "Asalanci"? A wane ƙamus? Kuma "ba ƙanƙanci" ciko ne, an cusa shi don amo kawai.

Gwaggo Tsini: Malam, Baturiya ta ƙaga locavore an ba ta kambu, ni na ƙaga tawa ka kai ni kotu? Tun jiya kake gyaran gangar wasu. Buga taka mu ji.

Na-Lambu: Ban-ruwa ya riƙe ni, sai yanzu na gani.

Baƙon da ya kwana a ƙasata ya yi saiwa,
Ya sha ruwan rijiyata har ya yi tsiwa,
Ɗan gida ne, Hajiya, ba ya komawa,
Naki ko sallama bai yi ba ya fara ruɓewa.

Ƙanwar Kowa: Tumatir mai tsiwa! Baba, wannan na Gwaggo ne ka ara.

Malam Aruli: Ina nan tafe da ƙwar biyar a karin Mutaƙarab. Ba a gaggawa da aruli.

Ɗan Auta: Malam, yau kwana uku. Ko ta jirgin ruwa baitin zai zo?