Ganyen lemun tsamina na danƙo kamar an shafa mai zuma

Maman Hanifa, Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah masu lambu ku agaza min. Ina da lemun tsami guda a tsakar gida, shekararsa huɗu, bara ya fara 'ya'ya. Tun shigowar hunturun nan ganyensa ke danƙo, in ka taɓa sai yatsa ya manne. Da fari na zaci yara ne suka watsa mai lemon kwalba, har na yi musu faɗa. Yanzu saman ganyen ya yi baƙi ƙirin kamar kunkunniyar madafa, ƙura ta bi ta lafe, kiyashi kuwa sai hawa da sauka. Simintin ƙarƙashinsa ma yana kama takalmi. Wata biyu da suka wuce na zuba mai takin yuriya ko zai farfaɗo, abin sai gaba yake yi. Maigida ya ce a sare a huta.

Baba na Kwalkwalawa:
Wa alaikumus salam. Kar a sare, ɗiyata. Darɓa ce, irin wadda ke kama mana wake da dawa. Danƙon ba daga itacen yake ba, kashin ƙwari ne. Suna tsotsar ruwan ganye, zaƙin ya yi musu yawa, su zubar, ya ɗiga kan ganyen da ke ƙasa. Baƙin nan kuma funfuna ce da ke tsirowa bisa zaƙin. Ba ta cin ganye, rana kawai take tare mai. Ki birkice ganyen ki duba bayansa, musamman sabon toho, ki zo ki faɗa mana abin da kika gani.

Abu Sadik:
Hajiya ki sayi maganin feshin wake kawai, feshi ɗaya an gama.

Anti Malama, Arkilla:
Haba Abu Sadik, a tsakar gidan da yara ke tsinkar lemu su kai baki? Kuma ba a ma san wane ƙwaro ba ne. Maman Hanifa, masu yin wannan aika-aika huɗu ne. In ƙanana ne kore ko baƙaƙe sun yi cincirindo a kan toho har ganyen ya nannaɗe, 'yan darɓa ne. In kin girgiza reshe wasu farare sun tashi kamar gari, farin ƙuda ne. Akwai mai kama da guntun auduga a matsematsin reshe. Na huɗun shi ya fi ruɗar mutane, don ba ya motsi: yana manne jikin reshe kamar ɓawon ƙurji, sai kin sa farce ya ɓamɓaro.

Maman Hanifa:
Yanzu na dawo daga dubawa. Innalillahi! Bayan ganyen cike yake da ƙananan kore, ga kuma masu audugar nan inda reshe ya rabu. Kullum ina ba shi ruwa, ban taɓa juya ganye ko guda ba.

Anti Malama:
To alhamdulillahi, mai sauƙi ne. Ki fara da yanke rassan da suka fi lalacewa, ki ƙulle a leda ki fitar da su, kar ki yar a gindinsa. Sai ki wanke shi da ruwa mai ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama. Ki samo busassun 'ya'yan dogon yaro, ki ɓare, ki daka ƙwayar, kamar giram 50 ga lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace da ƙyalle. Ki narka ɗan sabulun salo a ciki, don masu audugar nan jikinsu da kakin da ruwa zalla ba ya ratsawa. Ban da garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. Feshin da yamma ake yi bayan la'asar sakaliya. Kin san ranar Sakkwato, in kika fesa da tsakar rana ke da kanki za ki soya ganyen. Ki gwada a reshe ɗaya tukuna, ki ba shi kwana biyu. In lafiya, ki fesa duka, ki maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, don waɗanda suka ɓuya za su sake hayayyafa.

Baba na Kwalkwalawa:
Malama ta gama magana, saura kiyashi. Makiyaya ne, ƙwarin nan shanunsu. Suna shan zaƙin, su kuma kore duk ƙwaron da ya zo cin 'yan darɓar. Ki naɗa leda a gindin itacen ki shafa man girishi bisa ledar, kar ya taɓa ɓawo. In wani reshe na jingine da katanga ki datse, gada ce. Yuriya kuma a dakata, ita ke fiddo toho mai taushi da suke so.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Baƙin fa, sai na bi ganye ɗaya-ɗaya da tsumma?

Anti Malama:
Wanda hannunki ya kai ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sauran, da zarar zaƙin ya yanke zai bushe ya riƙa ɓarewa da kansa, damina ta ƙarasa wanke shi. Lemun da ya yi baƙi a baya ki wanke ki matsa a kununki, ba abin da ya same shi.