Neman shawara kan batir da sola a bas ɗin da nake mayarwa ɗakin kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Toyota Hiace a nan Sakkwato, na cire kujerun baya, kafinta ya haɗa mini gado da 'yar durowa. Sana'ata sayen fatun awaki ce a kasuwannin ƙauye, wajen Illela da Goronyo, kuma sau da yawa kwana kan kama ni inda babu wuta.

Inda aikin ya cije shi ne lantarki. Rufin motar faifan sola biyu kawai zai ɗauka, masu wat 300 kowanne. Buƙatata ƙaramin firji mai volt 12, fanka, da cajin waya. Na fi son batirin litiyam saboda rashin nauyi, amma an ce ba a so a yi masa caji idan zafi ya haura digiri 45. To ku da kuka san watan Afrilu a garin nan, motar da aka rufe ta yini a rana ai tanderu ce. Ina zan ajiye shi? Ƙarƙashin gado ko numfashin iska babu.

Sai batun caji daga injin. Wani mai gyaran wayarin ya ce a jona batirin kai tsaye da altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta daga injin mota, wani kuma ya rantse cewa hakan zai ƙona ta, sai an sa na'urar DC-DC, mai daidaita wutar caji, a tsakani. Zuciyata ta fi kwanciya da na biyun, kuɗin ne dai ke ba ni tsoro.

Don Allah wanda ya taɓa haɗa irin wannan, in haƙura da batirin jel ne duk da nauyinsa?