An kori ɗan aji huɗu saboda waya a ɗakin jarrabawa: adalci ne ko zalunci?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri zan shigo da magana mai nauyi, wallahi tun jiya ban runtsa ba. Ƙanena da ke aji huɗu, zangon ƙarshe, firojet ma ya gama an sa masa hannu, an kama shi da waya a aljihu a ɗakin jarrabawa wata uku da suka wuce, jiya takarda ta fito wai an kore shi. Ba dakatarwa ba fa, kora gaba ɗaya. Yaron nan ya ci zaman korona, ya ci yajin aikin ASUU na 2020, ya ci na 2022 mai wata 8, Hajiyarmu har gonarta ta gado ta jinginar saboda kuɗin rajista. Ni dai na ce korar ɗalibi kacokan a kan laifi ɗaya na farko zalunci ne ko wace doka ta rubuta shi. Wanda ke ganin ba haka ba ya fahimtar da ni don Allah.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Zalunci ne mana Yaya, babu wani kwana-kwana.

Dakta: Hajiya Allah ya ba ku haƙuri, na san zafin abin. Amma zan faɗi gaskiya ko ba daɗi tunda na zauna a irin kwamitin nan shekaru. Ba mutum ɗaya ke tashi ya kori ɗalibi ba. Mai sa ido zai cike fom a take, a ba ɗalibin ya rubuta nasa bayanin, shaidu su sa hannu, a haɗa da wayar a kai kwamitin tsangaya, daga nan babban kwamiti, sannan sinet, wato majalisar malamai ta jami'a, ta amince kafin rijistara ya fitar da takarda. Kuma dokar tana cikin littafin da ake ba kowane sabon ɗalibi, ranar rantsuwar shiga jami'a ya sa hannu ya ce ya yarda, kafin a raba takardar tambayoyi kuma sai an yi shela mai waya ya fito da ita. Jami'o'i da yawa shiga da wayar kaɗai shi ne laifin ko ka taɓa ta ko ba ka taɓa ba, dalili kuwa a aji mai mutum 400 da masu sa ido huɗu ba yadda za ka tabbatar wa ya duba wa bai duba ba, kafin ka ƙaraso kujerarsa ya goge komai.

Uwar Biyu: Dakta ban ce bai yi kuskure ba. Na ce hukuncin ya fi laifin. A soke masa kwas ɗin, a dakatar da shi shekara guda, ya dawo ya ƙarasa. Amma a ce shekara shida ta tafi a banza?

Anti Nas: Ni kam ina bayan Dakta, ki yafe min ƙawata. A wurin aikinmu an taɓa turo mana wani da satifiket ɗinsa fes, lissafin maganin yaro gwargwadon nauyinsa ya gagare shi, da ban duba takardar ba kafin a yi allurar Allah kaɗai ya san abin da zai faru da ɗan mutane. Tun ranar na daina ganin satar amsa a matsayin ƙuruciya. Wanda ya saci maki yau gobe shi ne zai rubuta wa ɗanki magani ko ya zana gadar da za ki hau.

Ɗan Fagge: Anti ai idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Malamin da ke cewa wanda bai sayi handawut ɗinsa ba ya shirya dawowa baɗi, shi wa ya kore shi? Wanda ake tara masa kuɗi ta hannun shugaban aji a gyara maki fa? A 2019 sai da BBC ta shiga da kyamarar ɓoye jami'ar Legas da jami'ar Ghana kafin a yarda malamai na neman ɗalibai mata da maki, alhali kowa ya sani tun da daɗewa. Kuma ku tuna Disambar 2023, ɗan jaridar Daily Nigerian Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6 bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi, sai a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Masu kuɗi sun sayi takarda sukutum suna ofis suna cin albashi, ɗan talaka da ya yi shekara shida yana cin garau-garau a hostel shi ne za a nuna wa doka.

Dakta: Ɗan Fagge duk abin da ka lissafa gaskiya ne kuma ya fi ƙona min rai fiye da kai don sunan aikina ake ɓatawa. Amma ba a rasa hukunta malamai ba, a Disambar 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 kan neman ɗaliba da maki, bayan jami'ar ta riga ta kore shi. Ya yi kaɗan, na yarda. Sai dai maganin hakan a ƙara kama malamai, ba a saki ɗalibai ba. Ka tuna da yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya ta samu C, na kusa da ita ya kwafa ya samu A, ita wa zai bi mata haƙƙinta?

Ustaz: Salamu alaikum. Ku ba ni dama. Hadisi ne ingantacce a Muslim, Annabi (SAW) ya wuce mai sayar da abinci ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Satar amsa algus ce babu ja, don kana nuna wa al'umma ilimin da ba ka da shi. Amma kuma a hadisin matar Makhzumiyya ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne idan babba ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. To ni a ganina Dakta da Ɗan Fagge kowa ya riƙe rabin magana. Kuma wannan ba haddi ba ne da aka yanke, ladabtarwa ce, ita kuwa ana duba girman laifi da halin mai laifi, na farko ne ko ya saba.

Barista: Yanzu na shigo na karanta duka. Yaya kafin mu yi ta jayayya kan nauyin hukunci akwai tambayar da ta fi wannan a wurin lauya, shin an saurare shi yadda ya kamata? Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa a gaban waɗanda ba su da hannu a rigimar. Akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya ya haddace, Garba da jami'ar Maiduguri. A Fabrairun 1983 ɗalibai suka yi tarzoma aka yi ɓarna, jami'a ta kafa kwamiti ta kori wasu, ashe wanda ya shugabanci binciken mataimakin shugaban jami'ar ne, wanda shi kansa tarzomar ta shafi gidansa. Lauya Gani Fawehinmi ya tsaya wa ɗaliban, a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, ta ce mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da shi ne aka yi wa laifi, kuma zargin manyan laifuka irin ƙone-ƙone aikin kotu ne. To ki tambaye shi: an ba shi takardar gayyata da ta faɗi laifin da ake tuhumarsa? An buɗe wayar a gabansa? Su wa suka zauna a kwamitin?

Ɗan Fagge: Yawwa Barista, a maka su a kotu kawai gobe.

Barista: A'a kar ku yi gaggawa, nan mutane ke faɗuwa. A 2006 Kotun Ƙolin dai ta yanke wata shari'ar jami'ar Ilorin da ɗalibin da aka kora kan maguɗin jarrabawa, ya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwar jami'a amma bai jira amsa ba ya ruga kotu, ƙarshe aka yi watsi da ƙararsa. Sai ka bi matakan cikin gida tukuna. Sannan masu ganin kora ita ce ƙarshen tsanani su sani ƙasar nan ta gwada abin da ya fi haka, dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ɗaurin shekara 21 ta sa wa maguɗin jarrabawa. Ta 1999 da ta zo daga baya ta sa shekara 3 ga babba ba zaɓin tara, malami ko mai sa ido shekara 4, ɗan ƙasa da 18 tarar naira 100,000 ko ɗauri ko duka biyu. Ku faɗa min mutum nawa kuka sani da aka ɗaure da ita? Ni abin da na gani a aikina, ba tsawon hukunci ke hana mutum ba, tabbacin za a kama shi ne.

Auta: Yayyena ku bar ni in sa baki a matsayin wadda ke ciki yanzu. Abin da ke ba mu haushi rashin daidaito ne wallahi. Waya a aljihu kora, amma rabin ajinmu firojet a shagon kwamfuta na bakin get suke saya, a canza sunan ƙaramar hukuma kawai a ɗaure a miƙa, wasu kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 shi ke rubuta musu asamen daga farko har ƙarshe kuma ba abin da ke faruwa. An ce mu sa firojet a Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, kar ya wuce kaso kaza, to shi kamanceceniyar rubutu yake nunawa, ni nawa ya haura saboda ayoyi da sunayen littattafai da na kawo sai da na yi ta rage su, wanda ya sayi nasa kuwa an juya masa kalmomi ya wuce lafiya lau. Kuma littafin dokokin da aka ba mu ko kalma ɗaya babu a kan waɗannan manhajoji, wani malami ya ce haram wani ya ce ku yi amfani da shi amma ku faɗa.

Dakta: Auta wannan kin yi gaskiya, dokokinmu sun tsufa sun tsaya a zamanin ɓoye takarda a safa da sojan gona. Kuma ina gargaɗin abokan aikina kar su kama ɗalibi da hujjar wai manhaja ta ce na'ura ce ta rubuta, kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya janye tasa manhajar ganowar a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Ni abin da nake yi in zaunar da ɗalibi in ce ya yi min bayanin babi na uku da bakinsa, minti biyar ya isa in gane nasa ne ko ba nasa ba.

Uwar Biyu: Na kira shi yanzu Barista. Zan faɗi duka har wanda bai min daɗi ba tunda ni na kawo maganar. Ya ce an ba shi takardar gayyata, ya je, zaman bai fi minti goma ba. Wanda ya kama shi shugaban sashensu ne kuma yana zaune cikin kwamitin tsangayar har shi ya fi kowa yi masa tambayoyi. Amma kuma ya amsa min cewa wayar a kunne take, kuma akwai hotunan shafukan handawut ɗin kwas ɗin a ciki, ya ce na karatu ne tun daren jiyan jarrabawar, ya rantse bai fito da ita ba. Jiya bai faɗa min zancen hotunan ba sai yau.

Anti Nas: Kin gani ko ƙawata. Allah sarki.

Dakta: Hotunan nan sun nauyaya abin sosai Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, da ina kwamitin da wuya in ce a sake shi. Sai dai idan da gaske wanda ya kama shi ya zauna cikin masu yanke hukunci to wannan kuskure ne babba, shi shaida ne, ya ba da bayani ya fita. A nan ina tare da Barista.

Ɗan Fagge: Kowane ɗalibi a ƙasar nan wayarsa cike take da hoton handawut Dakta, don ba kowa ke da kuɗin fotokwafi ba. Ni har yanzu ban ga abin da ya kai kora ba.

Ustaz: Ku ce masa ya faɗi gaskiya tsantsa a takardar da zai rubuta, kar wani ya koya masa ƙarya don a tausaya masa.

Barista: Haka ne Allah gafarta Malam, ƙarya ma kashe ƙarar za ta yi tunda wayar na hannunsu. Yaya ki turo min hoton takardar korar da littafin dokokin ɗalibai ta akwatina yau ɗin nan, akwai wa'adin kwanakin ɗaukaka ƙara a ciki kuma sau da yawa daga ranar da ke jikin takardar ake fara ƙirga, ba ranar da ya karɓa ba. Abu biyu za mu roƙi majalisar gudanarwa, a sake zama ba tare da shugaban sashen ba, in kuma sun tabbatar da laifin a duba cewa na farko ne a mayar da shi dakatarwa. Ban yi miki alkawarin za su amince ba.

Uwar Biyu: Na gode Allah ya saka. Littafin ya ce ya ɓata tun yana aji ɗaya, Auta ko za ki taimaka ki tambayi 'yan makarantarsu ko akwai mai shi. Ni yanzu zan shiga wajen Hajiya, har yanzu ba mu faɗa mata ba, tana ta lissafin ranar da zai tafi bautar ƙasa.